Shekarar da Na Sayar da Ragona

Har yau idan na buɗe tsohon akwatin Inna, ƙamshin turaren wutar da ya kama tufafinta ya bugi hancina, sai in ji wani wari ya biyo bayansa, warin ƙarfe da roba da suka ɗauki zafi, ko da kuwa babu abin da ke ƙonewa a kusa. Hancina ya ɗaure su wuri guda tun wata ranar Lahadi cikin bazara, a ɗakin Yaya Bashir, kuma ban ga alamar za su rabu ba.

Ku yaran gidanmu kun tashi kun tarar ana yi mini tsiya, wai ni ce Goggo Hafsatu da ta sayar da rago ta sayi wasa. Ke ma Husna, 'yar cikina, rannan na ji kina ba ƙawarki labarin kuna dariya. Ban ji haushi ba, domin gaskiya ne, sai dai rabin gaskiyar ke nan. Ɗaya rabin nake so in ajiye muku a nan, tun ina tuna komai, kafin tsufa ya zo ya ƙara wa labarin gishiri.

Kun san Yaya Bashir a kan kekensa, a ƙofar shagonsa, yana tsokanar masu wucewa. Ba ku san shi da ƙafafu ba. Ni na san shi. Shi ne kyaftin ɗin 'yan ƙwallon unguwarmu a Ikara, idan ya ɗauki ƙwallo ya nufi raga sai ka ce iskar farkon damina ce ta shiga gonar gero, kowa sai ya kwanta masa. Da rani yakan bi motoci lodin rake, a can Gubuchi kuma tsautsayi ya same shi, ya faɗo daga saman lodi da baya. Da aka sallamo shi daga asibiti a Zariya, likita ya gaya wa Baba magana ba ɓoye-ɓoye: ƙafafu sai abin da Allah ya yi, amma lallai ne ya riƙa zama yana motsa abin da ke motsuwa. Idan ya lizimci kwanciya, bayansa zai yi gyambo, jikin kuma ya sandare yadda ko keke ba zai iya hawa ba.

Kwanciyar kuwa ita ya lizimta. Gadonsa na jikin taga, sai ya juya wa ɗakin baya ya zuba wa tagar ido tun safe har magariba. Babu wani abin kallo a wajen, bayan gida ne kawai, da darbejiya, da turken da nake ɗaure ragona. Idan Inna ta kawo abinci ya ci loma kaɗan don kada ta yi kuka. Idan Baba ya ce a tayar da shi zaune, sai ya ce gobe. Abokansa suka yi ta zuwa yana yi musu barcin ƙarya, har suka ɗauke ƙafa, ban ga laifinsu ba. Mutum ɗaya ne bai gaji ba, Yohanna mai aski, golan ƙungiyarsu, wanda iyayensa suka zo daga kudancin Kaduna suka haife shi a layinmu. Yakan shigo da ƙaramar jakar askinsa ya zauna bakin gado.

“Kyaftin, ko kunya ba ka ji? Gemun nan naka ko bunsuru ya gani sai ya ba ka hanya.”

Sai ya yi ta ba bango labarin gari har ya gaji, ya ɗauki jakarsa ya fita yana share ido da gefen hannu.

Bari in gaya muku labarin ragon. Jikan tunkiyar da kakarmu ta ba ni ne ranar sunana, wadda take wajen kiwo a Janfalan. Fari ne tas, sai baƙi da ya zagaye masa ido, shi ya sa nake kiran sa Mai Kwalli. Na kawo shi gida ina ba shi dusa da harawa, da niyyar idan Babbar Sallah ta matso in sayar da shi in kai waƙoƙina maɗaba'a a Zariya. A lokacin ina shekarar ƙarshe a karatuna na adabi, kuma babu abin da nake mafarki kamar in riƙe ɗan littafi mai sunana a bango. Nakan zauna kusa da turken da yamma in karanta masa baitocina, yana tuƙa yana kallo na kamar malamin da bai gamsu ba.

Ina da tsohuwar kwamfutar tebur da Kawu ya bar mini lokacin da ya rufe shagonsa na buga takardu. Da ita nake rubuta aikin makaranta idan an kawo wuta. Wata rana a Zariya na wuce wani shago kusa da makarantarmu na ji samari suna ihu kamar a fili. Na leƙa, ashe ƙwallo suke bugawa a kwamfuta, kowa riƙe da fad, wato ɗan abin nan da ake latsawa da yatsu. Abin da ya tsaya mini a rai ba wasan ba ne. Zamansu ne. Kowannensu a miƙe yake, ya sunkuyo gaba, kafaɗunsa na rawa. Babu mai iya wannan wasa a kwance.

Da na dawo na gaya wa Yohanna, ya samo wasan wajen wani abokinsa muka zuba a kwamfutata. Abin tausayi. 'Yan wasan suna tafiya kamar masu ratsa taɓo, su tsaya cak, su yi tsalle, ƙwallon ta ɓace a nan ta bayyana a can.

“Hafsatu, tsohuwar da ta ɗauko itace ma ta fi waɗannan sauri,” in ji shi. “Idan Kyaftin ya ga wannan, ba zai sake juyowa ba har abada.”

Na duƙufa bincike a waya, ina tambayar 'yan ajinmu da suka san harkar. Na gano cewa kwamfutata kamar mace ɗaya ce a gidan suna, ita ce daka, ita ce tankaɗe, ita ce tuƙi. Abin da take buƙata shi ne katin girafik, wani ɗan allo mai fankarsa da ake sokawa a cikinta, wanda ba shi da aiki sai zana hoto, kamar 'yar'uwar da ta zo ta karɓe mata daka. Sababbi ba na irinmu ba ne, sai dai na hannu. Na kuma gano abu biyu da suka hana ni ɓarnar abin da ban ma riƙe ba tukuna. Ɗan akwatin da ke raba wa kwamfutar wuta ba shi da ƙarfi, don haka sai katin da zai wadatu da wutar gurbin da aka soka shi, ba mai neman ƙarin waya ba. Sannan cikin kwamfutar ƙarami ne, dogon kati ba zai shiga ba.

Na sami Baba bayan la'asar yana gyaran fartanya a zaure, na durƙusa na gaishe shi, na faɗi abin da ke tafe da ni. Ya ci gaba da gyaran fartanyarsa.

“Rago sukutum a kan wasan yara? Da magani kika ce, da na ƙara miki da buhun masara.”

“Baba, ai maganin ne.”

“To ki bari Sallah ta matso mana, ya yi daraja. Yanzu wulaƙanta shi za a yi a kasuwa.”

“Baba, bayan Yaya ba zai jira Sallah ba. Inna ta ce ya fara ja.”

Ya ajiye fartanyar. Ban taɓa mayar masa da magana sau biyu a jere ba sai ranar.

“Ragonki ne,” ya ce. “Ban taɓa cin haƙƙin ɗa ba. Amma ki sani, abin da ya fita ƙofar nan da igiya a wuya ba ya dawowa. Littafin naki fa?”

Na ce littafi ba ya gyambo. Da kansa Baba ya ja ragon zuwa kasuwar Makarfi. Ni kuwa na shige madafa na toshe kunnuwana, amma duk da haka ina jin kukan Mai Kwalli har suka sha kwana.

Ranar da zan tafi Zariya na buɗe cikin kwamfutar ina neman abin awo na rasa. Inna tana tsaye a kaina da tsintsiya a hannu.

“Ke da iliminki,” ta ce. “Da za a sayo muku takalman Sallah, ƙafafunku ake yankewa a kai kasuwa?”

Ta zari tsinke, ta sa ni na nuna mata inda katin zai kwanta, ta auna tsawon ta karya. Ta zari wani ta auna faɗin. Na ƙulle su a gefen mayafina kamar yadda take ƙulle awon ƙafafunmu muna yara.

Mai shagon da aka yi mini kwatance saurayi ne mai fara'a da yawan magana. Da ya ji abin da nake nema sai ya ɗauko wani ƙaton kati mai fanka uku, ya ajiye a gabana kamar ya kawo amarya. Na kwance gefen mayafi na ɗora tsinkena a kai. Katin ya zarce shi da kusan yatsa huɗu.

“Hajiya, shara kika zo yi mana ne?” ya ce yana dariya. “Wannan katin, idan kika sa shi, har gumin ɗan wasa za ki gani.”

“Ai sai ya shiga ɗakin tukuna, sannan ya nuna mini gumi. Kuma wutar da zai sha ba mu da ita.”

Ya dube ni da kyau, ya mayar da shi, ya shiga ciki ya daɗe. Ya fito da wani ɗan guntu mai fanka ɗaya, ƙura ta lulluɓe shi, wanda ba ya neman ƙarin waya. Na ɗora tsinke, ya zauna daidai kamar don shi aka karya. Na ce ba zan ɗauka ba sai ya soka shi a kwamfutarsa ya sa wasa a gabana, mu jira ya yi zafi, in ga ko hoton zai yi zane-zane, in ji ko fankar tana gurnani. Muka jira. Bai yi ba. Abin da ya rage a hannuna ya isa fad biyu, su ma na hannu, da kuɗin motar komawa. Ina fita ya ɗaga murya:

“Wallahi daga yau ni ma zan ajiye tsintsiya a shagon nan!”

Washegari da hantsi na shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Na cire wayar wuta, na taɓa ƙarfen ƙofa kamar yadda na karanta don kada wutar jikina ta lalata katin, na kwance murfin gefe, na kaɗe ƙurar shekaru da gashin kaza. Na ɗauko katin. Ragona ne gaba ɗaya a tafin hannuna, bai fi faifan rufe kwano nauyi ba. Na saita haƙoransa na zinariya a bakin gurbin, Inna ta ce bisimilla, na danna a hankali har na ji ya ce ƙas. Na ɗaure shi da sukuru, na mayar da wayar allon kallo jikin katin maimakon tsohon wurinta. Da aka kawo wuta na sauke manhajar da ke sa kwamfuta ta gane baƙonta. Sai ga fili kore shar, ciyawa kamar fadama bayan ruwa, 'yan wasa suna gudu sumul, ƙwallo tana tafiya da inuwarta. Na zauna ni kaɗai ina dariya, hawaye na zuba.

Ran Lahadi, bayan Yohanna ya taso daga coci, ya zo da ƙaramin janareton shagonsa da Ɗanlami, wanda ke buga gaba tare da Yaya a da. Da gangan na ajiye teburin a inda mai kwance ba zai ga allon ba sai ya tashi zaune, akwatin kwamfutar kuma na tura shi ƙarƙashin teburin. Yaya bai ko juyo ba. Muna waje muna fama da igiyar janareto, ashe Inna ta buɗe akwatinta ta ɗauko rufin nan mai kauri da ta yi wa ado da hannunta tun tana amarya. A gidanmu abu mai daraja ba a barin sa a buɗe. Rediyon Baba na da rufinsa, kwanonin jeren Inna na da nasu. Ta shiga ta lulluɓe akwatin kwamfutar ruf, gaba da baya, ta cusa gefunan ƙasa yadda ko ƙuda ba zai shiga ba. Babu wanda ya gani.

Na zauna a bakin ƙofa. Yohanna da Ɗanlami suka fara, suna ihu fiye da kima, Yohanna yana sharhi kamar ɗan rediyo. Ni bayan Yaya kawai nake kallo. An daɗe bai motsa ba. Can sai na ga kansa ya ɗan karkato. Ɗanlami ya ɗauki ƙwallo ya yi ta yanka shi kaɗai har aka ƙwace.

“Ka ba da ita gefe mana!” Muryar Yaya ce, ta fito a shaƙe, kamar ƙofar da ta daɗe a rufe. “Kai har a kwamfuta ma son kai ne da kai?”



“To Kyaftin, zo ka nuna mana,” in ji Yohanna, bai ko waiwaya ba.

“Ku tayar da ni.”

Suka tallafe shi suka jera masa matasai. Ya cije leɓe, gumi ya karyo masa, amma ya zauna. Ɗanlami ya nuna masa wurin gudu da wurin bugu. Da farko ya yi ta kai ƙwallo waje suna yi masa tsiya, daga baya yatsunsa suka fara ganewa. Na ga kafaɗunsa sun fara wannan rawar. Ya yanke mutum ɗaya, ya yanke na biyu, ya fuskanci raga, sai allon ya yi baƙi ƙirin.

A lokacin ne warin ya taso, turaren Inna da ƙarfe mai zafi. Janareto yana ta aikinsa a waje, wato ba wuta ce ta ɗauke ba. Yaya ya dubi baƙin allon, ya saci kallona, sai na ga fuskarsa tana rufewa kamar yadda ganyen gyaɗa ke rufewa da magariba. Ya ajiye fad a kan cinyarsa.

“Ku kwantar da ni.”

Na manta da kunyar baƙi, na rarrafa ƙarƙashin teburin. Hannuna ya taɓa zane mai zafi kamar an sauke shi daga kan dutsen guga. Na fizgo shi. Inna tana tsaye a ƙofa, ta dafe ƙirji.

“Na kashe shi ko, Hafsatu? Ni dai na ga abin da ya ci rago bai kamata a bar shi tsirara ba.”

“Numfashi kika toshe masa, Inna. Ina jin ya kashe kansa ne don kada ya ƙone.” Ban tabbata ba, addu'a nake yi da baki na. Na juya. “Yaya, don Allah kada ka kwanta. Ka ba ni ɗan lokaci kamar na shan iskar kunu.”

Ya ci gaba da zama. Na jawo akwatin fili, na kwance murfin gefe na jingine shi a bango. Zafi ya bugo mini fuska. Kafin in ce wani abu Inna ta dawo da mafici, ta durƙusa a gaban kwamfutar ta shiga yi mata fifita, a hankali, da irin fuskar da take yi idan ɗayanmu na zazzaɓi, har tana cewa sannu, sannu.

“Inna, ni ma fa na yi zafi,” in ji Yohanna.

“Kai rago nawa ka ci?”

Wanda ya fara dariya Yaya ne. Ta kufce masa ne ba shiri, har ya riƙe haƙarƙari yana cewa wayyo bayana. Rabon gidanmu da wannan dariya tun kafin Gubuchi. Ita ta jawo Baba daga zaure, ya tsaya bayan Inna. Na taɓa katin da bayan yatsa na ji ya huce. Na yi bisimilla na kunna kwamfutar. 'Yar fankar ta yi jim, sannan ta juya. Fili ya dawo kore.

Yaya ya ci Yohanna kafin la'asar, ya ce masa ashe duk inda aka je raga ɗaya ce, golan ma ɗaya ne. Inna ba ta daina fifita ba har aka tashi, duk da na gaya mata ya isa. Da yamma kuwa ya bar Yohanna ya aske masa gemu. Baba bai taɓa ce mini na yi daidai ba, ba halinsa ba ne. Amma ran Lahadin da ta biyo, na tarar da galan ɗin fetur a bakin ƙofar ɗakina.

Ƙafafun ba su dawo ba, kada in yi muku ƙarya. Amma bayan ya warke, hannuwa suka yi ƙarfi, wanda ya saba zama don wasa ya yarda ya zauna don motsa jiki, daga nan sai keke, daga keke sai shagon wasan da kuka sani, jikin na Yohanna. Kwamfutar nan ta kusurwa da ba ta da murfin gefe, ita ce. Waƙoƙina ba su ga maɗaba'a ba a shekarar, har yau ma ba su gani ba. Ina son su, amma ban taɓa tsara baitin da ya kai ƙarar nan ta ƙas daɗi a kunnena ba. Ni na bincika, ni na zaɓa, ni na soka da hannuna, kuma ya yi. Idan kun sake jin ana cewa na sayar da rago na sayi wasa, ku ce e, kuma da za a mayar da ita shekarar, za ta sake.

Saura abu ɗaya, wanda ni ma ban sani ba sai ranar sunan ɗan Yaya na fari. An ɗaure ragon suna a tsohon turken nan na ƙarƙashin darbejiya, na tarar da Yaya a kekensa yana kallon sa shi kaɗai.

“Auta,” ya ce, “kin san ni ban taɓa son wasan kwamfutar nan ba? Tun ina da ƙafa nake ce masa ƙwallon ragwaye.”

Ya nuna turken da haɓa, ya ci gaba.

“Ragonki nake kallo ta taga. Shi a ɗaure, ni a ɗaure, mu wuni tare. Ina jin ki kina karanta masa waƙoƙi, wasu har na haddace. Ranar da na ga turke wayam na tambayi Inna, ta gaya mini komai. Na ce ko allon gawayi yarinyar nan ta kawo, sai na tashi na kalla. Da hoton ya ɗauke kuwa, na ce a kwantar da ni, ba fushi na yi ba. Takaicin da ke fuskarki ne ba na so in gani.”

Sai a lokacin na lura da abin da ya daɗe a gaban idona. Duk shekarun nan ban taɓa shiga shagonsa na tarar da fad a hannunsa ba. Sai ya hango ni tukuna yake miƙa hannu ya ɗauka.